Giginyoyin da Aka Yaba Mini

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ladabi da girmamawa daga ɗanki na fari, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ina rubuto miki daga Gaya, yau Laraba bayan la'asar, a barandar biro, wato ofishinmu. An ɗauke wuta tun da hantsi, zafi ya hana kowa sakat, manyan motoci sun yi layi har bakin gada suna jiran ƙetarawa Malanbil. Mutanen gida duk lafiya. Surukarki Rabi tana nan, ƙafar ce dai takan tashi mata lokaci-lokaci. Jikokinki sun zama manya, wadda kika bari tana ajin farko har ta fara zancen jami'a.

Na san ba ki yi boko ba, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Na kuma san wasu ne za su karanta wannan, don a shafina na intanet zan sa ta. Da gangan na yi haka. In na faɗi magana a gaban jama'a ba ni da hanyar janye ta, ni kuwa na san halina, Inna, ina iya janyewa.

Ga abin da ke tafe da ni. Akwai wani karatu da ake ce wa mastar, na shekara biyu, a wata jami'a a ƙasar waje. Ba don yara aka yi shi ba. An yi shi don irinmu da suka daɗe a aikin kiyaye daji da ruwa da namun dawa, a ƙara musu ilimi su riƙe shugabancin aikin. Ba sa ɗaukar wanda ya cika hamsin, ni kuwa da kaka zan cika. Kin ga ke nan, in ba bana ba, shi ke nan. Jibi Juma'a ake rufe karɓar dosiye, wato tarin takardun da mutum zai aika a duba ko ya cancanta.

Kada ki ce me tsoho zai yi da komawa lakwal. Na gaji ne, Inna. Shekara ashirin da shida ina cikin kakin nan na ma'aikatan gandun daji. Babu wata hanya a tsakanin Bana da Dioundiou da moto, wato babur, bai kayar da ni a kanta ba. Shef biyar, wato shugabannin biro, na yi wa aiki, uku daga cikinsu ni na nuna musu yadda ake bambanta giginya namiji da mace. In an je taro Doso ko Yamai, ni ne mai ɗaukar taswira. A tambaye ni sunan itace, in faɗa, a ce madalla dattijo, sannan masu takarda su shiga ɗaki su ja ƙofa su yanke abin da za a yi da dajin da ban taɓa ganinsu a cikinsa ba. Ina so in shiga ɗakin nan sau ɗaya kafin in ajiye aiki. Iyakar burina ke nan, ba wani babba ba ne.

Dosiyen ya kusa cika. Takardun lakwal na nan, likita ya duba ni ya ce da saurana. Abu biyu suka rage: wasiƙar shef da sa hannunsa, sai wani shafi da suka ce mutum ya ba da labarin aiki guda da ya jagoranta, wanda ya canja wani abu, ya kuma faɗi abin da ya koya. Duk wanda na yi wa zancen sai ya ce, ai kai ba ka da matsala, rubuta labarin wayar shingen nan. Na rubuta kuwa. Mako uku na yi ina dannawa da yatsa biyu, tabarau a kan hanci, har ya fito tsaf. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai makon jiya na gano ba gaskiya ba ne, kuma ke kin riga ni sani.

Bari in bi abin daga farko, saboda masu karantawa.

Ni ɗan fari ne, kuma kin yi mini kunya irin ta mutanen da. Ba ki taɓa faɗin sunana ba. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kaka, a can na tashi. In na shigo tsakar gida sai ki juya baya ki kama wani aiki. In kina da magana da ni, sai ki faɗa wa wani ina ji, a gaya wa wancan abu kaza. Ƙannena suna hawa cinyarki, ni kuwa tuwona kawai nake tararwa a rufe, mai yawa fiye da na kowa. Ina yaro na ɗauka ba ki so na. Da na girma na gane al'ada ce, amma ganewar ba ta hana abin ci mini rai ba.

Sana'arki muruci. Ke da ƙawarki Gwaggo Hajjo da sauran matan garinmu, in giginya ta fara zubar da 'ya'ya sai ku shiga daji da kwanduna. Ku tsince, a sha abin sha, a tara ƙwallon. Ruwa na sauka ku haƙa rami, ku jera su, ku rufe da ƙasa. Bayan wasu watanni ku tone, ga muruci ya yi ƙiba, a dafa, a kai kasuwar Gaya, wani har a ƙetare da shi gada. Da shi kika yi mana sutura. Da shi na je lakwal, har na shiga makarantar horar da ma'aikatan daji.

A makarantar nan aka koya mana cewa abin da ke kashe giginya abu biyu ne: masu sara don azara, da mata masu tsince ƙwallo. In an kwashe iri, me zai tsiro? Maganar ta shige ni. Na dawo da kaki sabo da takalmi mai nauyi, kaina cike da ita, aka kuma yi rashin sa'a aka tura ni yankinmu.

A shekarata ta uku da fara aiki wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo da kuɗin gwaji. Na ce a ba ni. Na zaɓi wani fili a bayan gari mai manyan giginyoyi mata, muka kewaye shi da waya, muka kafa ƙarafa. Babu mai shiga, ko mace ko saniya. Ƙwallo ya faɗo ya zauna inda ya faɗi, mu ga ikon Allah. Na tara mutane a ƙofar maigari na yi bayani da Faransanci rabi da Hausa rabi. Kina can baya cikin mata, ba ki ɗago kai ba.

Da yamma ina cin tuwo a zaure na ji muryarki daga ciki, kina faɗa wa Gwaggo Hajjo: "A gaya wa wancan, ƙasar wurin ta yi tauri, in ba a binne ba ba za su fita ba." Dariya na yi. Na ce a raina, wa ya binne na daji? Ban tsaya na tuna cewa na daji shanu ke taka su cikin laka ba, ga shi ni da hannuna na hana shanun shiga. Iyakar abin da kika ce ke nan, ba ki ƙara ba.

Damina ta farko ta wuce, babu komai. Ta biyu ma haka, in ban da ɗaiɗaiku da ba su kai a nuna wa baƙo ba. Ƙwallo ya bushe a rana, gara ta ci, ɓeraye suka yi ƙiba. Mutanen gari suka sa wa wurin suna gonar ɓerayen gwamnati. In na wuce a moto sai in ji ana gyaran murya. Aka kuma aiko cewa bayan damina ta uku manya za su zo su gani. Na rame har bel ya ƙi zama a ƙugu. Na tuna a lokacin tuwona ya ƙara yawa, har da man shanu a kai, ke kuma ko kallona ba ki yi.

Damina ta uku ta yi nisa, wata safiya na je duba waya, sai ga tsiro a gefen gabas, birjik, kore shar. Wallahi, Inna, zama na yi a ƙasa. Manya suka zo daga Doso da Yamai, aka yi hotuna, aka ba ni takardar yabo. Na rubuta rapor, wato rahoto, na ce ga hujja: in aka hana tsintar ƙwallo, daji zai mai da kansa, haƙuri kawai ake bukata. Aka karanta, aka yarda. Ba a jima ba aka hana tsintar ƙwallon giginya a garuruwa da dama na yankin.

Ni na bi dokar da ƙafata. Na tare mata a hanya na karɓe kwanduna. Akwai ranar da na karɓe na Gwaggo Hajjo, matar da ta goya ni. Ta miƙo mini ba gardama, ta dube ni tun daga takalmi har hula, ta ce sannu da aiki. Na ɗauka girmama doka ta yi.

Ke ban taɓa kama ki ba, don tun ranar da aka yi shela kika ajiye kwandonki. Uwar mai kaki ba za ta karya doka ba. Kika koma dafa gishiri a Fogha tare da wasu mata, yini guda a bakin wuta, hayaƙi a ido da ƙirji. A can tarin nan ya kama ki. Na sha kai ki likita, ta hannun ƙanwata, don ko a moto ba ki yarda ki hau bayana ba. Ban ce gishirin ne ya kashe ki ba, kwana ne ya ƙare. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarki, in na ji tari irin naki a kasuwa sai na waiga.

Furojen ya ƙare, dokar ta yi sanyi da kanta, babu wanda ya soke ta, babu kuma mai binta. Wasu mata suka koma muruci, da yawa kuwa sun tsufa ko sun bar sana'ar. Ni dai sunana ya tsaya a kan wayar nan. Duk sabon shef da ya zo sai an nuna masa ni, a ce wannan ne mai giginyoyin nan.

To, bana an kawo wani sabon tsari na kiyaye giginya, babba, kuma a cikinsa akwai maido da hanin nan da ƙarfi. Watan gobe za a zauna a tabbatar. A shafin da suka kawo hujja, rapor ɗina ne a sama. Ba zan ɓoye miki ba, da na ga sunana na ji daɗi. Na ce wannan ma zai ƙara wa dosiye nauyi.

Hoto kawai na je ɗauka ranar Talatar makon jiya. Na ce in haɗa da hoton wurin yadda yake a yau. Wayar ta daɗe da tafiya, sai ƙarafa biyu-uku a karkace. Giginyoyin kuwa sun tashi, wasu sun ninka tsawona, suna kaɗa kari. Na fito da igiyar awo don in sa 'yan lambobi a rubutun, kin san masu jami'a da son lamba. Na auna tsakanin ta farko da ta biyu. Na auna ta biyu da ta uku. Na ci gaba har na kai wajen ashirin, gumi yana shiga mini ido. Tazarar ɗaya ce. Inda wata ta mutu, sai tazarar ta ninka daidai. Layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana karkata nan da can kamar mai yin sa ba ya so a gane, amma ƙafarsa ba ta canja ba: taki biyu na mutum gajere. Abin da ya faɗo da kansa daga sama ba ya jeruwa haka.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma dole in faɗa. Na ga tazarar nan tun a wancan lokaci. Ranar da na zauna a ƙasa ina murna, idona ya gani, zuciyata ta ce anya, na ce mata yi shiru. Manya na tafe, an daina yi mini gyaran murya. Ban auna ba don ba na so in sani.

Daga nan gidan Gwaggo Hajjo na nufa. Ta tsufa ƙwarai, idon ya kusa tafiya, tana zaune a inuwar zana tana sussukar gero da hannu. Na gaishe ta, ta gane murya. Ban yi kwana-kwana ba, na tambaye ta wa ya shuka giginyoyin cikin waya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce sai yau?

Ita ta ba ni labari, ni kuma ga shi ina maido miki, ki ji ko ta yi ƙari. Ta ce duk ranar kasuwar Gaya, in na hau moto na tafi kai rahoton mako, gari kuma ya watse, sai ku biyu ku fita kamar masu neman itace. Akwai inda ruwa ya zaizaye ƙasa a ƙarƙashin waya, kusa da tsamiya. Ta nan kike shiga da rarrafe, da 'yar fartanya a cikin zane. Ita tana tsaye tana gadi. Ƙwallon da ke zube a ciki kike tsinta, ki zaɓi mai rai, ki yi taki biyu, ki sara, ki binne, ki danne da diddige, ki share wurin da ganye. Mako bakwai kuka yi kuna haka, tun daga ƙarshen bazara har ruwa ya zauna. Gefen gabas kawai kika iya gamawa, don wata rana waya ta yage miki baya. Na tuna ciwon nan. An ce mini ƙaya ce, na sayo magani na ba ƙanwata ta kai miki.

Ta ce ta tambaye ki don me, ga shi yaron bai ji maganarki ba. Kika ce: "Ba zan iya zama ina ji ana yi masa dariya ba."

Da hanin ya bazu, mata suka shiga wahala, ta zo miki a fusace ta ce za ta je ƙofar maigari ta faɗi gaskiya. Kika riƙe mata zane kina kuka, kika sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, sai in ni na tambaya da bakina. Ta ce kin yi zaton ba zan wuce damina ɗaya ban tambaya ba, tunda an ce na yi karatu. Shekara ashirin ta yi tana jira.

Haba, Inna. Haba.

Ban san yadda na dawo Gaya ba. Kwana biyu ina jin haushinki, kuma zan faɗa tunda yau ranar faɗa ce. Da kin bari an yi mini dariyar. Da na sha kunya shekara ɗaya, a tura ni wani daji, shi ke nan. Me ya kai ki ki kashe sana'arki da hannunki? Ke kin zaɓa, to sauran matan fa? Akwai wadda na karɓe wa kwando tana da marayu, ita ba ta haife ni ba, ba ta ci bashin kowa ba. Sai kuma in tuna ki da rarrafe a ƙarƙashin waya, mace mai jikoki, don ɗan da ko sunansa ba ki iya faɗa, sai haushin ya narke ya bar ni da abin da ya fi shi ciwo. Duk shekarun nan ina neman wata alama cewa kin damu da ni. Ashe tana tsaye a bayan gari, an ma ba ni takarda a kanta.

Na faɗa wa Rabi. Ta yi kuka, sannan ta ba ni shawara irin ta mai hankali. Ta ce in aika shafin yadda na rubuta shi, in samu shiga, in na dawo da takardar a hannu sai in gyara komai daga sama, lokacin da maganata za ta yi nauyi. Ta ce wanda ya yi shiru shekara ashirin bai sani ba, me zai rage in ya ƙara biyu? Wallahi na kusa ɗauka. Har na buɗe shafin na sa hoton. Amma watan gobe ne zaman, karatun kuwa shekara biyu. Damina biyu ke nan ana tare mata a hanya da sunana, wannan karon kuma ina sane.

Sai na goge na sake. Sabon bai kai rabin tsohon ba, kuma ba shi da daɗin karatu. Na ce aikin da aka fi sanina da shi bai yi ba. Na ce tsiron da aka gani hannu ne ya binne shi, hannun mai sana'ar muruci, ɗaya daga cikin waɗanda na ɗora wa laifin kashe daji. Na ce na ga alama ban bincika ba saboda ina son yabo. Na ce ban san ko tsintar ƙwallo na rage giginya ko ba ta ragewa ba, rapor ɗina dai bai nuna komai ba, kuma abin da nake so in je in koya shi ne yadda ake gano irin wannan ba tare da an fara da hana mutane abincinsu ba. Na rubuta wata takardar daban zuwa ga masu zaman watan gobe, na ce su cire rapor ɗina daga hujjojinsu.

Jiya na kai wa shef duka biyun. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa zama ina tsaye ba. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ne zai tsaya ya kare tsarin nan a gaban manya, an yi nisa, ba zai iya sa hannu a wasiƙar yabon mutumin da takardarsa ke rushe abin da zai kare ba. Ya roƙe ni in jinkirta har a gama zaman. Na ce Juma'a ake rufewa. Ya ce in kwana da maganar. Na kwana da ita, yau da safe na koma na ce ina nan a kan bakana. Ya miƙo mini wasiƙar babu sa hannu, idonsa a kan tebur. Ban riƙe shi a zuciya ba. Na san abin da ake ji in manya na tafe.

A ƙa'idarsu an rubuta cewa dosiyen da bai cika ba ba a buɗe shi. Zan aika duk da haka, jibi da safe in rezon intanet ya yarda, da gurbin wasiƙar a fili. Wataƙila a samu wani a can mai son karatu ya leƙa. Ba na sa rai.

Kada ki ɗauka na huce. Ina son karatun nan, Inna, wallahi ina so. Har na fara tunanin rigar sanyi. Na yi mafarkin in zauna a aji in ɗaga hannu in yi tambaya ba tare da an ce madalla dattijo ba. Yanzu abin da na hango shi ne 'yan shekarun da suka rage mini a kan moto, ina ɗaukar taswira, wannan karon ma babu mai nuna ni ya ce ga mai giginyoyin nan. Akwai masu karanta wannan da za su ce na kyauta. Su bari. Ban kyauta komai ba, na makara ne da shekara ashirin.

Abin da ya sa na rubuto miki kuwa ba karatun ba ne. Ranar Litinin zan je gari. Na aika wa maigari ya tara mini matan da suka rage, da 'ya'yan waɗanda suka rasu. Gwaggo Hajjo ta ce a ɗauke ta a kai ta ko a amalanke ne. Zan tsaya in faɗi yadda abin ya kasance, kuma ba yadda za a yi in faɗa ban ambace ki ba. Na san mutanenmu. Wasu za su ce Allah sarki, uwa. Wasu kuwa za su ce ashe ita ce ta ja mana, ta rufa wa ɗanta asiri da abincin 'ya'yanmu. Za a faɗa a bakin rijiya, za a faɗa a gidan suna, kina kwance ba ki da bakin kare kanki. Kin rayu babu wanda ya taɓa jin abin kunyarki, ga shi ɗan da kika yi dominsa ne zai jawo miki magana bayan ranki. Zan ce musu laifin nawa ne, ke binnewa kawai kika yi, ni na rubuta, ni na tare hanya. Ban san ko za su ji ba.

Kin haɗa ƙawarki da Allah don kada wannan rana ta zo, ni kuma na kawo ta. Na juya abin ta kowace fuska ban ga yadda zan cire matan nan daga ciki in bar ki a rufe ba. Ki yafe mini, Inna. Dariyar da na yi a zaure ma ki yafe, da kwandonki da kika ajiye, da wannan da zan yi ranar Litinin.

Ya Allah, Ka gafarta wa mahaifiyata. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanyaya mata ƙirjin da hayaƙi ya ci. Abin da ta yi don tausayin ɗanta, in akwai haƙƙin wani a ciki, Ka sauke mata, Ka ba ni ikon neman yafiyarsa tun ina da rai. Matan da na tare a hanya, rayayyu da matattu, Ka saka musu da alheri, Ka sassauta harshensu a kanta. Ka ba Gwaggo Hajjo lafiya ta kai Litinin. Ni kuma Ka ba ni ƙafar tsayuwa a gabansu, kada murya ta ƙi fita. Amin.

Na bar ki lafiya, Inna. An kira magariba.

Ɗanki na fari,
Garba,
Gaya.